Tarihin Tsargiya Da Yadda Za Mu Tsare Mafitsarar Yaranmu

Maganarmu ta yau a kan mafitsarar yara ce, da cutar da ta fi kowace ɓata ta a ƙasarmu, watau tsargiya. Wanda ya iya karatu, in wannan takarda ta zo hannunsa a ɗakin magani, ya taimaka ya karanta wa na kusa da shi, gama maganar ta shafi kowane gida mai yara, daga Batsari har Ruma, daga Safana har Runka.

Kowa ya san alamarta. Yaro ya tsuguna fitsari, in ya zo ƙarshe sai jini ya biyo, wani lokaci ɗigo biyu ko uku, wani lokaci fitsarin duka ya yi ja. Sabo da abin ya yi yawa cikin yara maza, har waɗansu iyaye sun daina ganinsa cuta. Wani ya ce zafin rana ne, wani ya ce yaro ya fara zama namiji ke nan. Amma ruwa ba ya tsami banza. Jini ba ya fita inda babu rauni, raunin kuwa a cikin mafitsara ya ke. Mutanen duniya sun daɗe ƙwarai kafin su gane abin da ke yin wannan rauni. Zan ba ku labarin yadda aka gane shi daki-daki, domin duk abin da mu ma'aikatan lafiya mu ke roƙonku ku yi yau, daga cikin wannan labari ya fito.

Tsohuwar cuta ce

Labarin ya fara daga Masar, ƙasar da mutanenta ba su da wani ruwa sai Kogin Nilu, da shi su ke noma, cikinsa su ke wanka. Mutanen Masar na zamanin Fir'auna su kan shafe gawar matattunsu da magani, su naɗe ta don kada ta ruɓe. Cikin shekara ta 1910 wani likita, Armand Ruffer, ya duba ƙodar gawa biyu irin waɗannan, waɗanda suka yi wajen shekara 3,000 a kabari, ya tarar da ƙwayayen tsargiya a bushe a ciki. Ashe tun wancan zamani cutar ta ke tare da mutane. Har baƙi ma ba ta bari ba, gama sojojin Faransa da Napoleon ya kai Masar cikin 1798, da yawansu sun yi fama da fitsarin jini, likitocinsu kuwa ba su san dalili ba.

Wanda ya fara ganin abin da idonsa wani saurayin likita ne Bajamushe, sunansa Theodor Bilharz, yana aiki a asibitin Kasar al-Aini a birnin Alƙahira. Cikin 1851, yana da shekara 26, yana binciken gawar wani mutum sai ya ga waɗansu ƙananan tsutsotsi cikin jijiyar jini. Daga baya ya ga ƙwansu a jikin mafitsara da cikin fitsarin masu ciwon. Don haka Turawa suka sa wa cutar sunansa, har yau waɗansu likitoci na ce mata bilhaziya.

Tsutsar ba ta kai tsawon gaɓar ɗan yatsa ba, siririya ce kamar zare. Akwai namiji akwai mace, namijin yana rungume da macen kullum. Suna zaune cikin ƙananan jijiyoyin jini da suka kewaye mafitsara, macen tana zuba ƙwai kowace rana, har ɗari da ɗoriya. Kowane ƙwai yana da 'yar ƙaya a gindinsa. Ƙwayayen nan su kan huda bangon mafitsara su faɗa cikin fitsari, shi ne ke jawo jini. Waɗanda suka kasa fita sai su maƙale a jikin mafitsara, su ne kuwa masu babbar ɓarna. Wurin ya yi gyambo, ya warke da tabo, ya sāke yin gyambo, har mafitsara ta yi tauri ta kasa riƙe fitsari sosai. In tabon ya toshe bakin hanyar da ke kawo fitsari daga ƙoda, fitsari ya koma baya, ƙoda ta kumbura ta lalace. Cikin 1911 wani likita a Alƙahira, sunansa Ferguson, ya nuna cewa ciwon daji na mafitsara ya fi yawa ga waɗanda suka daɗe da tsargiya. Watau ɓarnar da aka yi wa yaro yana ɗan shekara goma, sai ya yi furfura ya ke biyan bashinta.

Yadda aka gano hanyarta

An san tsutsa, an san ƙwanta, amma aka yi shekara fiye da sittin ana gardama a kan yadda ta ke shiga jikin mutum. Cikin 1913 waɗansu likitoci biyu a ƙasar Japan suka gano cewa irin tsargiyar ƙasarsu tana bi ta cikin wani ƙaramin dodon koɗi na ruwa. Da Yaƙin Duniya na Farko ya tashi, Ingila ta tara sojoji a Masar, ta ji tsoro kada cutar ta gama da su. Sai ta aika da wani masani, Robert Leiper, cikin 1915. Ya zauna yana tsintar dodon koɗi daga magudanan ruwa na wani ƙauye kusa da Alƙahira, yana gwadawa da ɓeraye da birai, har ya warware maganar. Ya nuna kuma tsargiya iri biyu ce a Afirka, akwai ta mafitsara akwai ta hanji, kowace da irin dodon koɗinta.

Ga yadda abin ke tafiya. Yaro mai tsargiya ya yi fitsari cikin tafki ko a bakinsa. Da ƙwan ya ji ruwa sai ya ƙyanƙyashe, wani ɗan ƙwaro ya fito wanda ido ba ya gani. Wannan ƙwaro ba ya iya cutar da mutum, in bai sami dodon koɗi cikin yini guda ba mutuwa zai yi. Dodon koɗin nan ƙarami ne, bai fi ƙwayar gyaɗa ba, yana maƙale a jikin ciyawa da ganyen bado. In ƙwaron ya shige shi sai ya yi ta haihuwa a ciki, bayan sati huɗu zuwa shida dubbai su riƙa fitowa cikin ruwa, sun fi fitowa kuwa da tsakar rana, daidai lokacin da yara ke zuwa iyo. Su ne ke huda fatar mutum su shiga, ba sai da rauni ba, ba sai ya sha ruwan ba. Yaro zai ji ɗan ƙaiƙayi kurum. Bayan wata biyu ko uku sun girma, sun isa mafitsara, jini ya fara.

Akwai abu uku cikin wannan bincike da ya kamata kowane uba da kowace uwa su riƙe. Na ɗaya, ba a ɗaukar tsargiya wajen cin abinci tare, ko kwana ɗaki ɗaya, ko tsallake fitsarin wani. Tilas sai ta bi ta ruwa mai dodon koɗi. Na biyu, tsutsar ba ta ƙaruwa da kanta cikin jiki. In yaro yana da goma, goma ce, sai in ya sāke shiga ruwa ya ƙaro. Sabo da haka ko rage shiga tafki aka yi an rage cuta. Na uku, ƙwarin da ke fitowa daga dodon koɗi ba su da tsawon rai. Ruwan da aka ɗebo aka ajiye a randa ko tulu kwana biyu zuwa uku, ba dodon koɗi a ciki, ya zama lafiyayye wajen wanka. Haka kuma wanda aka tafasa.

Labarin magani

Maganin farko ya fito daga Sudan. Cikin 1918 wani likita a asibitin Hartum, John Christopherson, ya bayyana cewa allurar wani magani da a ke haɗawa da irin ma'adinin tozali tana kashe tsutsar. Magani ne mai wahala. A jijiya a ke yinsa, sau da yawa, har wajen wata guda, yana sa amai da tari da ciwon gaɓoɓi, wani lokaci ma ya kan taɓa zuciya ya kashe mai shi. Mutane da yawa su kan gudu kafin su gama. A Masar gwamnati ta yi wa miliyoyin mutane wannan allura, har zuwa wajen 1980. Sabo da yawan jama'a ba a dafa sirinji yadda ya kamata ba, ta haka wani mugun ciwon hanta ya bazu cikin ƙasar, suka yi shekaru suna fama da shi. Ku tuna da wannan in wani mai yawo da jaka ya ce zai yi wa ɗanku allurar tsargiya. Yau ba a maganinta da allura.

Cikin shekarun 1970 masana a Jamus suka haɗa ƙwayar da a ke kira farazikwantel. Da ta shigo hannun likitoci, aikin wata guda ya koma na rana ɗaya, a haɗiya da ruwa a tashi. Da fari tana da tsada, talaka bai iya saye. Cikin 2001 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya yanke shawara a riƙa bai wa yara 'yan makaranta maganin a kai a kai a ƙasashen da cutar ta yi yawa. Daga 2007 kamfanin Merck na Jamus ya fara ba da ƙwayar kyauta ta hannun Hukumar, daga baya ya yi alkawarin ƙwaya har miliyan 250 kowace shekara. Ita ce wadda ku ke gani a kan kawo makarantu, a tsai da yaro jikin sanda a auna tsawonsa, a ba shi gwargwadon girmansa. Cikin 2022 Hukumar ta ƙara faɗaɗa shawararta, ta ce inda cutar ta kama ɗaya cikin goma ko fiye, a ba kowa tun daga ɗan shekara biyu, har da manya.

Abin da aka gani a ƙasar Katsina

Kada wani ya ce wannan labarin Masar ne. Cikin shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da na makarantar cututtukan ƙasashen zafi ta Libaful a Ingila suka yi shekaru suna bincike a ƙasar Malumfashi. Sun auna fitsarin jama'a, sun kuma zauna bakin dam na Ruwan Sanyi suna lissafin wanda ya shiga ruwa da abin da ya kai shi. Suka ga su, da wanka, da iyo, da wasa cikin ruwa su ne manyan hanyoyin cutar, kuma yara maza su suka fi kowa ɗauke da ita.

Maganar dam tana da dalili. Dodon koɗin nan ba ya son ruwa mai gudu, kwantaccen ruwa mai ciyawa ya ke so. A Ghana, da aka gama madatsar Akosombo cikin 1965 aka sami babban tafkin Bolta, ba a daɗe ba tsargiya ta kama kusan kowane yaro a waɗansu ƙauyukan bakin tafkin, inda dā ba ta da yawa. Mu ma nan an gama Dam na Zobe a kan gulbin Karaduwa cikin 1983, a ƙasar Dutsin-Ma, maƙwabciyar Safana. Dam alheri ne, ana samun kifi, ana noman rani, dabbobi na sha. Amma kowane ruwa da muka tare, mun yi wa dodon koɗi gida. Ba kuwa sai babban dam ba. Kududdufin bayan gari da aka haƙa don ƙasar gini, da tafkin da shanu ke sha, da ruwan da ke kwanciya a fadama bayan damina, duka sun isa. Ko tafki ya ƙafe da rani, dodon koɗi ya kan nutse cikin laka ya jira ruwan fari.

Cikin 2016 masu bincike na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma suka buga abin da suka samu a makarantun sakandare na ƙasar Safana da Dutsin-Ma. Cikin ɗaliban ƙananan azuzuwa wajen 700 da aka auna, fiye da ɗaya cikin biyar yana da ƙwan tsargiya a fitsarinsa. Cikin na manyan azuzuwa kuwa, wajen uku cikin goma. Nan ma maza sun fi mata nesa. Ku lura, waɗannan yaran da ke makaranta ne. Yaron da ke kiwo yana tsallake rafi da shanu, da almajirin da ke wanki a kududdufi, da mai taya ubansa ban ruwa a lambu, ba su shiga wannan lissafi ba, su kuwa suka fi daɗewa cikin ruwa.

Ƙarancin mata cikin lissafi kada ya ruɗe mu. Yarinyar da ke zuwa wanki ko ɗiban ruwa tana kamuwa, kunya ce ke hana ta faɗa. A jikin mace ƙwan ba ya tsayawa a mafitsara kaɗai, ya kan maƙale a mahaifa da hanyar haihuwa, ya jawo ciwon mara da zubar jini, har ya hana haihuwa in ta girma. Sau da yawa a kan ɗauka ciwon sanyi ne, a yi ta maganin da ba nasa ba. Uwa ita za ta tambayi 'yarta a asirce, ta kawo ta.

Rashin zaman lafiya da ya sami ƙasar Batsari da Safana, musamman daga 2019, ya ƙara wa abin nauyi. Ƙauyuka da yawa na gefen Dajin Rugu sun watse, yara sun bar makaranta, mutane sun taru a garuruwa inda rijiya ba ta isarsu, dole a koma tafki. Yaron da ba ya makaranta kuwa, ranar rabon magani ta kan wuce shi.

Abin da ya rage namu

To, jama'a, kun ji yadda aka yi. Bilharz ya nuna mana tsutsa, Leiper ya nuna hanyarta, magani ya sauƙaƙa har ya zama kyauta a makarantu. Saura aikin gida.

In kun ga jini a fitsarin yaro, ko yana kuka da zafi in zai yi, ko yana yawan zuwa kaɗan-kaɗan, ku kawo shi ɗakin magani. In an ce a kawo fitsari don aunawa, na tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana ya fi, a haɗa da ɗigon ƙarshe, gama lokacin ne ƙwai ya fi fita. Ku sani kuma yaro na iya ɗauke da ita ba a ga jini da ido ba, sai dai rama da kasala da rashin jini, karatu ya ƙi shiga.

Ranar rabon magani ku ciyar da yaro ya ƙoshi kafin ya sha, ko da kunu ne ko ɗumame. Jiri ko ɗan ciwon ciki da waɗansu ke ji ya fi tsanani ga mai yunwa, ya kan wuce cikin yini. Ku kai har waɗanda ba su makaranta, malaman allo kuma su kawo almajiransu. Maganin yana kashe tsutsar da ta girma, amma ba ya hana sabuwa shiga, don haka a ke maimaitawa. Wanda ya sha bara ya sha bana.

Ku hori yara kada su yi fitsari ko bayan gida cikin ruwa ko bakinsa. Kowa ya kewaya kafin ya je rafi, kowane gida ya yi masai. In ƙwai bai isa ruwa ba, dodon koɗi ba shi da abin da zai ba kowa. Wanka kuma a yi shi a gida da ruwan rijiya ko na burtsatse, in babu a yi da na tafki da ya kwana biyu zuwa uku a ajiye. Uwa kada ta zaunar da jariri cikin ruwan rafi tana wanki. Mun san hana yaro iyo ranar zafi da wuya, amma in dagaci da masu unguwa da iyaye suka haɗa baki, aka gyara famfon da ya lalace, aka nome ciyawar bakin tafki, abin zai ragu.

Sauran kiwon mafitsara

Ba kowane ciwon fitsari ne tsargiya ba. Yaro ya sha ruwa isasshe, balle da bazara, har fitsarinsa ya zama fari-fari. Kada a sa shi ya riƙe fitsari, malamai su bar yara su fita in sun matsu. A koya wa yarinya in za ta yi tsarki ta wanke daga gaba zuwa baya, don kada ƙazantar bayan gida ta shiga hanyar fitsari. Yaron da ba ya samun bayan gida da sauƙi a ba shi ganye da 'ya'yan itace, gama cikakken hanji yana danne mafitsara. Jariri mai zazzaɓi da aka auna ba a ga na cizon sauro ba, a duba fitsarinsa. Jariri namiji da fitsarinsa ke ɗiga ba ƙarfi, da yaron da fuskarsa ta kumbura fitsarinsa ya yi baƙi-baƙi, a kai su babban asibiti ba jinkiri.

Mai fitsarin kwance kuma, duka da tara masa yara suna kiransa amalala ba su warkad da shi. Yawancin yara su kan daina da kansu in sun girma. A rage masa sha da dare, ya yi fitsari kafin ya kwanta. Amma wanda ya daina ya sāke komawa, ko yana yi har da rana, ko yana shan ruwa ba ƙoshi yana ramewa, a kawo shi a auna.

Dattawanmu sun tuna kurkunu, yadda ya kan kwantar da manomi tsakiyar damina. Da aka ƙidaya wajen 1988, an sami mutum fiye da 650,000 da shi a Nijeriya. Ba shi da ƙwaya, ba shi da allura. Da tace ruwa da hana mai shi shiga tafki aka ci ƙarfinsa, aka ga na ƙarshe cikin 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba Nijeriya shaidar rabuwa da shi cikin 2013. Jama'ar da suka iya wannan da ƙyallen tace ruwa, ba za su kasa da tsargiya ba, ga ta da magani. Yau in kun koma gida, kowa ya tambayi 'ya'yansa, maza da mata, yadda fitsarinsu ya ke.

Allah ya raya mana su cikin lafiya, amin.